Gwangwanin da Malama Ta Ce Ba Za Ta Buɗe Ba

Lokacin da abin nan ya faru ina aji biyu a wata ƙaramar sakandaren 'yan mata a nan Kontagora, shekaruna goma sha uku. Iyayena manoma ne a wani ƙauye kusa da Kaboji, ni kuma ina zaune wurin gwaggona a cikin gari saboda makaranta. Ni ba mai magana ba ce. A gida Kambarci muke yi, Hausata tana da ɗan karkata, kuma tun ranar da aka yi mini dariya a aji ɗaya na daina ɗaga hannu. Abin da na iya shi ne kallo. Na san wace malama ce ke sauya takalmi idan ta iso ofis, na san wace yarinya ce ke zuwa ba ta karya ba, don takan yi ta kallon ƙofa tun kafin a kaɗa ƙararrawar fita tara. Shekara uku ke nan da faruwar abin, amma har yau in na tuna sai kunya ta kama ni, shi ya sa na ga gara in rubuto muku.

Bencinmu ɗaya da wata yarinya 'yar Fulanin garin Bobi, doguwa, ta girme ni da shekara biyu. Da rani ya kama aka yi kudu da shanu, mahaifinta ya bar ta a gidan kawunta a cikin gari. Ya ce mata idan ruwa ya sauka shanu suka dawo zai zo ya ga ko karatun yana da amfani, in babu ta tattara ta koma gida. Ita kuwa tana son zama ƙwarai. Ta taɓa gaya mini cewa sun yi asarar maruƙa saboda an ba su magani fiye da kima, don duk rugarsu babu wanda ya iya karanta abin da ke jikin kwalbar, kuma ita burinta ke nan, ta ɗauki kwalba ta karanta wa mahaifinta. Mai barkwanci ce. Takan kira ni 'yar tuwon dawa, ta ce wai in an matsa kumatuna gari ne zai zubo, ni kuma in ce ita in an tsaga ta nono za a samu. Ita kaɗai ce nake iya mayar wa magana a duk makarantar.

Ban daɗe da zama kusa da ita ba na lura da wani abu. Idan aka ce a buɗe littafi a yi karatu a zuci, idonta ba ya tafiya a kan layi. Tana kallon tsakiyar shafi ne kawai, kuma ba ta juya takarda sai na juya tawa. Rubutunta ya fi na kowa kyau, tana kwafe allo tsaf kamar mai zanen lalle, kuma duk abin da malami ya faɗa da baki tana riƙe shi. Amma haɗa baƙaƙe su zama kalma, wannan bai zauna mata ba, domin firamarenta a tsinke ta yi shi, wata uku a aji, wata biyar a bayan shanu. Na dai fara bin layi da yatsa ina karantawa a hankali yadda za ta ji, daga nan na koma yi mata aikin gida tana kwafewa. Wata rana a gindin mangwaron da ke bayan ajinmu ta riƙe hannuna ta ce ta san na gane, ta roƙe ni don girman Allah in rufa mata asiri, kada kowa ya ji. Na yi mata alkawari.

Da muka dawo hutu a farkon Janairu, mangwaron nan ya cika da fure har ƙudan zuma na damun mu ta taga. Malamar ajinmu, wadda ita ce ke koya mana Turanci, ta shigo da babban gwangwanin madara wanda ya lotsa a gefe ɗaya. Ta ce sabuwar shekara ta shigo, kowa ta ɗauki takarda ta rubuta abin da ta ƙudurta za ta gyara a rayuwarta, da Hausa ko da Turanci, ta ninke, ta sa suna a baya. Ta ce za ta rufe gwangwanin da salatif a gabanmu, ba wanda zai buɗe sai ƙarshen shekara, sannan a miƙa wa kowa tata ta gani ko ta cika. Har ta ɗora hannu a ƙirji ta ce ita kanta ba za ta leƙa ba, mu 'ya'yanta ne, mu rubuta gaskiya.

A gidanmu ba a Janairu shekara ke farawa ba, sai ruwan farko ya sauka. Lokacin ne innata ke sauko da zangarniyar dawar da ta rataye a saman murhu ta sha hayaƙi, wadda ta ware don iri. Kuma ba ta taɓa gaya wa kowa gonar da za ta zuba wane iri ba sai ya tsiro, ko maƙwabciya ta tambaya sai ta yi dariya ta kawo wani zancen. Na taso ina ganin haka, amma ranar nan ban tuna ba. Abin ya burge ni, a ce ga wuri da zan faɗi abin da ke raina ba tare da na buɗe baki ba. Sai na rubuta cewa a wannan shekara zan daina yi wa wadda muke benci ɗaya aikin gida, domin ba taimako ba ne, zan zauna in koya mata karatu a gindin mangwaro kullum da tara, har ta iya kafin shamuwa su iso, don mahaifinta ya bar ta a makaranta. Ita kuwa ƙawata ta kwafi jimla biyu daga jikin allo ta ninke. Muka jefa, Malama ta naɗe murfin da salatif, muka tafa.

Mun fara kuwa. Na samo littafin 'yan aji ɗaya na firamare wurin ɗiyar gwaggona, muna ɓoye shi cikin babban littafi. Kafin furen mangwaro ya kaɗe 'ya'ya su fito ƙanana, ta fara haɗa baƙi biyu da uku. Ranar da ta karanta kalmar nono da kanta ta yi ta dariya har da hawaye, ta ce ashe abin da take sha tun tana goye baƙi huɗu ne kacal.

Sati na biyar, ranar wata Laraba bayan an dawo tara, Malama ta shigo da gwangwanin a hannu. Tun daga ƙofa na ga an yanke salatif ɗin da reza an sake mannawa a karkace. Ta ce yau ba ta jin yin darasi, bari mu ɗan ji abin da mutane suka rubuta, ai ba za ta faɗi suna ba. Ta karanta na wadda ta ce za ta daina cin ƙuli-ƙuli a aji, aka yi dariya. Ta karanta na wadda za ta daina zagin ƙaninta. Sannan ta zaro wata takarda ba tare da ta lalube ba, alamar ta san inda ta ajiye ta, na kuwa gane ninkina. Ta kira ƙawata gaban aji, ta miƙa mata, ta ce tunda rubutunta ya fi na kowa kyau, ta karanta mana wannan da ƙarfi.

Jama'a, ku duba wannan aiki. Takardar da ke cewa yarinya ba ta iya karatu ba, ita aka ba ta ta karanta. Ta tsaya tana riƙe da ita, leɓenta na motsi, na ga ta kama kalmar farko tana ƙoƙarin ta biyu. Malama ta bar ta a tsaye har aji ya fara gunaguni, sannan ta fizge takardar ta karanta da kanta, tana kwaikwayon yadda nake furta Hausa. Aji ya kece da dariya. Wata daga baya ta ce wai a kawo mata saniya ta karanta, wata ta ce ashe doguwar banza ce. Malama ta ce ita ba ta son munafunci a ajinta, mai kwafa da mai ba da kwafa duk ɓarayi ne. Ni kuwa ina zaune. Kaina na ƙasa, ina kallon wata tururuwa tana jan ɓarɓashin biredi a ƙarƙashin benci. Ban tashi ba, ban ce Malama kin yi alkawari ba.

Washegari ƙawata ba ta zo ba, jibi ma haka. Ranar Asabar na nemi gidan kawunta. Ta fito zaure ta same ni, ba ta ce in shiga ba. Na fara ba ta haƙuri ina kuka, ta ce in bar kukan, ta ji abin da na rubuta kuma ta san ba da mugunta na yi ba. Abu ɗaya kawai take so ta sani: lokacin da take tsaye da takardar a hannu, ni da na iya karatu, ni da na san abin da ke ciki, me ya hana ni tasowa in karɓe ta? Ta ce to, 'yar tuwon dawa, sai wata rana. Da na koma sati na gaba matar kawunta ta ce ƙawata ta bi motar kasuwa ta tafi Bobi, wai ba za ta jira mahaifinta ya zo ya ji wannan labari a bakin mutanen gari ba. Ta bar mini littafin firamaren nan, da kara a shafin da muka tsaya.

Zafin bazara ya zo, mangwaro ya nuna 'yan aji suna jifa, shamuwa suka iso suka yi sheƙa a kan tsamiyar bakin ƙofar makaranta, ruwa ya sauka. Kowane ɗaya na gani sai in ƙirga inda da mun kai a littafin. Ƙarshen shekara ya yi, ba wadda aka mayar wa takardarta. Har yau ina jin haushin malamar nan. Na ji ta gaya wa wata malama wai gyara ta yi. In gyara take so, ofis ɗinta na nan, me ya hana ta kira yarinyar ita kaɗai? Babba ce, ta dafa ƙirji a gaban yara arba'in da wani abu, ta karya alkawari don ta cike awa ɗaya da ba ta shirya darasi ba.

Da Janairu ta zagayo muna aji uku, sai ga ta da sabon gwangwani da salatif, da maganar nan tata ba ta sauya ko kalma ba. Sai na miƙe. Da karkatacciyar Hausata na ce Malama, ina gwangwanin bara? Ta ce an ajiye shi a wuri mai kyau, in zauna. Na ce wanda ke kan teburinta a ofis da alli a ciki, mai lotsawa a gefe, da sauran salatif a bakinsa, ba shi ba ne? Ta sa ni na durƙusa a waje har aka tashi, amma ta taga ina gani, ba yarinya ɗaya da ta jefa takarda. Na yi abin da ya kamata, sai dai na makara da shekara guda, kuma wadda ya kamata ta gani ba ta nan.

'Yan uwana ɗalibai, idan shekara ta juyo aka ce ku rubuta ƙudurinku, ku rubuta naku kaɗai. Sirrin da wani ya ba ku ba naku ba ne da za ku sa a takarda, ko da niyyarku alheri ce, kuma ko wa ya rantse muku ba zai buɗe ba. In kuma aka tsayar da wani a gabanku ana tozarta shi, ku tashi a lokacin, ko da muryarku na rawa. Malamai kuma ku ji tsoron Allah, yaro yana yarda da ku ne da gaske. Ni yanzu irin na innata nake yi, ba na faɗin abin da na shuka sai ya tsiro. Littafin yana nan cikin akwatina, karan yana shafi na goma sha ɗaya, ban matsar da shi ba.