Baƙin Zare a Wuyan Zakuna

Wai da fushi ya tafi ko da dariya? Shekara shida ke nan ina juya tambayar nan, in tashi da ita in wuni da ita, ban samu amsa ba. Makon ƙarshe na mijina ba zai bar zuciyata ba sai ranar da aka kai ni inda aka kai shi.

Tela ne a kasuwar Wuse. Wani ɗan Chaina da yake yi wa ɗinki ya ba shi kyautar jan ƙyallen siliki. An saƙa zakuna biyu suna kallon juna cikin da'ira, ga barewa mai fukafukai a ƙasansu. Mutumin ya ce kwaikwayon saƙar kakanninsu ce, kuma babu zaki a ƙasarsu, fataken Farisa ne suka kai musu zanen. Malam ya rataye shi a ɗakinmu a Nyanya. Kullum sai ya tsaya yana dariya: "Dubi zakin wanda bai taɓa ganin zaki ba! Sai ki ce kare aka yi wa kitso."

Da ciwon ƙirji ya kwantar da shi a asibiti, na rasa inda zan sa kaina. In je, in dawo cikin cunkoson motoci, in share tsakar gida sau uku. Maƙwabciyata ta leƙo ta ga ƙyallen, ta riƙe baki.

"Mama, mala'iku ba sa shiga ɗaki mai hoto. Ta ina sauƙi zai shigo? Ki raba kawunan nan da jikinsu."

Na kasa sa almakashi. Sai na ɗauki allurarsa da baƙin zare, na bi wuyan kowace dabba na ɗinke, don zaren ya raba kai da jiki. Ina ɗinki silikin na tattarewa, har gefen barewar ya yage.

Bayan kwana biyu likita ya ce mu koma da shi gida. Na ɗauka ɗinkina ne ya ci, ashe sun gama iyawarsu ne. Da aka kwantar da shi, ya daɗe yana kallon bango, sannan ya yi mini magana. Na fita da sauri neman reza, kafin in dawo rai ya yi halinsa.

Na koyi cewa tsoro kan sa ka ɓata ɗan abin da ya rage wa mutum na farin ciki, kana ganin taimakonsa kake yi. Ban ga fuskarsa sosai ba saboda hawaye, muryar kawai na riƙe:

"Uwargida, shekara arba'in kina zaune da tela, wannan ne ɗinkinki? Ɗauko reza ki kwance musu wuya, su ma su samu su yi numfashi."