Ranar da Mujalla Ta Kashe 'Ya'yan Fari

Har in koma ga Allah ba zan manta ranar kasuwar Ajingi da aikina ya ƙare ba. Zamanin Turawa ne. Ni tafinta ne, iyakata aji huɗu na elementare, aka haɗa ni da wani Bature mai binciken zaman jama'a. Mu zauna a zaurukan Gaya da Ajingi, ya yi tambaya, in juya, ya rubuta. Daga baya a buga sakamakon a wata mujallar Hausa, wai don talaka ya san kansa. Kamar da can bai sani ba.

Tambaya ɗaya ce ta jawo komai: "Faɗi sunayen 'ya'yanka, daga na fari." Kun dai san uba ba ya kama sunan ɗansa na fari, kunya ce. Sai maigida ya sunkuyar da kai, ya yi shiru, ya fara daga na biyu. Bature sai ya rubuta: ya mutu, uban na baƙin ciki.

Na ce, "Ranka ya daɗe, bai mutu ba. Ga shi can yana ba jaki dusa."

Ya ce, "Malam Sale, don juya magana aka ɗauke ka. Tunani nawa ne."

Mujalla ta fito, wai wata cuta na cinye 'ya'yan fari a gabashin Kano. Aka ce in karanta a kasuwa, tunda ba kowa ya iya boko ba. Na hau buhun gyaɗa na karanta, har da gidajen da aka yi rashi.

Wani ƙaton mahauci, Ɗanlami, ɗan fari a gidansu, ya ajiye wuƙa ya ce, "Malam, yaushe na rasu? Ba wanda ya gaya mini."

Nan mutane suka yi layi suna yi masa ta'aziyyar kansa, yana amsawa, "Allah ya ba da lada." Ubansa na tsaye a gefe. Na roƙe shi, "Baba, ga Bature nan, gaya masa ɗanka yana raye."

Tsohon ya kau da kai ya ce, "Wane ɗa?"

Bature ya rubuta wannan ma.

Da hayaniya ta kai ofis, aka ce kuskuren tafinta ne. Aka sallame ni. Shi kuwa na ji can ƙasarsu ya zama gwanin sanin Hausawa.

Ku masu yawo da takardar tambaya yanzu, ga abin da na koya: shirun mutanenmu ma amsa ce, amma mai alƙalami ba ya tambayar wanda ya san ma'anarta. Ranar da ta ɓaci ne kawai ake tuna akwai tafinta.