Man da Baba Yake Nema

Muna idar da sallar asuba muka kulle flat ɗinmu na Croydon, ni da ƙanena da Baba a kan kekensa na asibiti, an naɗe shi da bargo har wuya. Hajiya, mahaifiyarmu, ta tsaya a ƙofa tana ta ja mana kunne a kan sanyi, sai ka ce mu ne baƙi a garin.

Bari in faɗi abin da ya fitar da mu. Tun da Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki muka kawo shi London, maganarsa ta ɗauke. Abu ɗaya kawai yake maimaitawa: "Ga mai." Mun kawo man zaitun, mun kawo man kaɗe, har man shanu aka aiko mana daga Zariya. Kowanne sai ya kalla ya kau da kai. Ban faɗa wa kowa ba, amma na fara tsoron cewa ba harshen kaɗai ya tafi ba, har da hankalin. Likitar da ke koya masa magana ce ta ce a nemo masa hotunan aikin da ya yi a rayuwa. Baba kuwa malamin gona ne, inabi ya noma shekara da shekaru, har Faransa aka taɓa tura shi kwas kafin a haife ni. Shi ya sa muka fita neman littafi mai hotunan noman inabi.

Tram, ƙaramin jirgin da ke bin titi, ta kai mu tashar jirgin ƙasa lafiya, can muka tarar an yi cancel ɗin jirginmu. Na bayansa ya zo maƙil da ma'aikata, kowa ya soke kai a waya. Duk da haka suka matsa wa Baba ba tare da an roƙa ba. Mutanen garin nan ba sa gaisuwa, amma suna ba da wuri, kuma na daina yi musu gorin na farkon. A tashar Victoria muka sha shayi mai tsadar da ya sa ƙanena ya shanye har ɗigon ƙarshe don haushi. Muka ƙi tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, saboda matakala, muka hau bas.

Inda muka nufa kantin tsofaffin littattafai ne, ƙarami, yana warin takarda da ƙura. Na ce wa dattijon da ke wurin muna neman littafin noman inabi na Faransa. Ya yi murmushi ya kai mu wani lungu, sai ga mu gaban kanta guda cike da littattafan giya. Ni da hijabina, ranar Juma'a, tsohona ga carbi a hannu! Ƙanena ya raɗa mini, "Yaya, in wani ɗan Kano ya shigo yanzu, ni dai ban san ki ba."

Ashe a wurinsu ba a raba inabin da abin da ake yi da shi. Kowane yanki da littafinsa, da taswirar tuddai da ƙoramu, da sunayen gidajen da ke noman, kaka da jika, da irin ƙasar kowace gona. Na yi niyyar mu juya. Sai na ji keken ya motsa. Baba ne yake turawa da ƙafarsa mai lafiya.

Na riƙa sauko masa da su ɗaya bayan ɗaya ina ɗora masa a cinya. Na Bordeaux ya ture. Na Alsace ko kallo bai samu ba. Da na buɗe wani kore mai yagaggen baya, na yankin Beaujolais, sai ya danne shafin da tafin hannu. Hoton wani tudu ne da layukan inabi, da tsoho riƙe da almakashi da reshe. Yatsan Baba ya bi rubutun a hankali ya tsaya a kan kalma guda: Gamay.

"Ga mai," in ji shi.

Sunan irin inabi ne. Wata da watanni mutumin nan yana kiran sunan inabi, mu kuma muna ta jera masa kwalabe. Ƙanena ya fashe da dariya har ya dafa kanta, ni kuwa na durƙusa a gaban keken ina kuka ba kunya. Baba ya kalle ni irin kallon da yake mini in na kasa lissafi ina ƙarama. Sannan ya nuna reshen da ke hannun tsohon cikin hoton, ya haɗa yatsu biyu kamar almakashi, ya ce, "Nan. Yanke nan." Rabon da in ji sabuwar kalma daga bakinsa tun kafin mu kawo shi London.

Muka saya. Mai kantin ya ga yadda nake juya bangon mai hoton kwalba, sai ya naɗe shi da takarda mai ruwan ƙasa. Haka littafin ya je Juma'a a masallacin Regent's Park cikin bargon Baba, don ya ƙi sakinsa. Ƙanena ya ce shi ya tura keken kawai, sauran bayani tsakanin Baba da Ubangijinsa.

Kafin magariba muna gida. Hajiya ta ga hoton ta dafe ƙirji. "Wayyo ni! Ai inabin mutumin da ya sauke shi ne a can Faransa. Shi ya koya masa yankan reshe. Kullum sai ya matse masa sabo a kofi, don ya san ba ya shan ɗayan." Ta juya ga Baba. "Alhaji, ka yafe mana."

Abin da tafiyar nan ta koya mini bai da yawa. Mun yi ta gaggawar ba Baba amsa, ba mu tsaya mun ji tambayarsa ba. Hankalinsa yana nan daram, namu kunnen ne bai je Faransa ba. Da Hajiya ta tashi kwashe kwalaben man daga kan teburinsa don littafin ya samu wuri, Baba ya bi ta da ido, gefen bakinsa mai lafiya ya ɗaga. Ya nuna man shanun Zariya ya ce, "Bar wannan."