Naman da Aka Binne a Gindin Lemo

Shekarata shida ina aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje a Lyon kafin su ga dama su tura ni Paris wajen baje kolin kayan asibiti. Ba don sun san darajata ba, wadda suka saba turawa ce ta haihu. Ni kuwa na karɓa hannu bibbiyu, domin wata uku ke nan da yi wa yayata aiki a Damagaram, an cire mata nono ɗaya saboda sankara. Ita ta raine ni bayan rasuwar innarmu. Na sa aka ɗauko mini hoton takardunta duka a waya, na buga su, na cusa a jaka, na baro Lyon da sassafe.

Zauren ya fi babbar kasuwar garinmu girma, amma ba mai tayi, ba mai ɗaga murya. Ga na'urar da ke harba haske daidai kan ƙari ba ta ƙona naman gefe ba, ga wata ƙarama kamar akwatin rediyo mai karanta irin cutar. Na ga wani likita yana yi wa masu ƙera wata na'ura faɗa, wai gadonta ya yi wa tsofaffi tsawo, su kuma suna rubutawa jiki na rawa. Haka abin yake tafiya: mai magani ya faɗi matsalarsa, mai ƙira ya koma ya gyara, baɗi a dawo da sabo. Wallahi abin ya burge ni, kuma ya ba ni haushi, don ban ga wanda ya zo faɗin matsalar mutanenmu ba.

A rana ta biyu na yi ta maza na tare wata likita mai furfura, bayan ta gama bayani kan sababbin magungunan sankarar nono. A tsaye ta karanta takardun yaya, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Ta ce mini cutar ba iri ɗaya ba ce, yanzu kowane iri da maganinsa, kuma takardun nan ba su faɗi irin ta yaya ba.

"Ina naman da aka cire?" in ji ta. "Ki sa a aiko mini. Zan sa a gwada, in ya dace da wani maganin da muke da shi, sai mu nemi hanya."

Na fita waje, na kira mijin yaya. Malami ne, mutum mai natsuwa, ban taɓa katse masa gaisuwa ba sai ran nan. Yana cikin tambayar sanyi da aiki na ce, "Malam, abin da aka cire wa Yaya a asibiti, yana ina?"

Ya ce, "Ai sun ba mu shi a kwalba, wai a kai Yamai a auna. Na ce naman ɗan Adam, kuma na iyalina, in ɗora shi a mota cikin buhuna da awaki yini guda? Sai muka wanke shi, muka naɗe a farin ƙyalle, muka binne a gindin lemon tsamin nan na tsakar gida."

Raina ya ɓaci, na manta da wa nake magana. Na ce masa sun binne maganinta da hannunsu, na ce jahilci ne, na faɗi abin da har yau nake jin kunyarsa. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce a hankali, "Ƙanwata, ai ran da aka yi na kira ki. Na ce miki mun suturta abin da aka cire. Kika ce Allah ya saka da alheri."

Gaskiya ya faɗa. Na tuna wurin da nake tsaye a ranar, a bakin tashar taram, jirgin ƙasan cikin gari, har daɗi na ji da aka mutunta yayata. Ni da nake liƙa lamba a jikin irin waɗannan kwalabe kullum ta Allah, ban tambaya ba. A wurin aiki samfuri ne, a gida kuwa jikin yaya ne, kuma kaina bai taɓa haɗa su ba.

Na koma wajen likitar na faɗa mata. Ba ta yi mini kallon raini ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Ta ce ana iya ɗibar sabo a inda cutar ta bazu. Amma zuwa lokacin yaya ko zama ba ta iya yi ba tare da an tallafe ta ba, balle tafiyar Yamai. Na dawo Lyon da jakar ƙyalle cike da biro da takardun talla masu sheƙi.

Ba wanda ya faɗa wa yaya abin da ya faru, ni ma ban faɗa ba. Da muka yi waya ta tambaye ni ko taron ya yi kyau, na ce ya yi. Ta ce lemon gidan ya yi 'ya'ya bana kamar ba a taɓa yi ba, ta sa an shanya mini, tunda ta san ina son shi a miya.

Wani ɗan garinmu ya zo da ƙullin lemon har Montreuil, a gefen Paris, aka aiko mini Lyon bayan sadakar arba'in ɗinta. Yana nan a saman kabad, ɗaure yadda ta sa aka ɗaure. Na kasa jefa shi a miya, na kuma kasa zubarwa.