Tsuntsayen Baba Issufu

Wata ranar Lahadi ta kasuwar Illela, a daminar da na shiga aji biyar, ruwa ya kora ni rumfar Baba Issufu, mutumin Konni mai yi wa manyan motoci fenti. Shekarar ce mahaifiyata ta rasu, aka kawo ni gidan Kawu Malam, inda ban san kowa ba sai akuyar da nake yi wa ciyawa. A bangon rumfar na ga shafin tsohuwar kalanda ta Faransa, ɗauke da wani zanen fenti na zamanin da can: ɗawisu bisa dutse, agwagi biyu a bakin ruwa, da farar tattabara tana shirin sauka. Na tsaya kallo har ruwa ya ɗauke.

"Kai maraƙi, kallo ba ya koya ma komi," in ji Baba Issufu. Ya miƙo mini guntun katako da ragowar fenti a gwangwanayen madara, ya ce in kwaikwaya.

Kullum na dawo daga gonarmu ta Araba can nake zarcewa. Ya koya mini in fara da duhu, haske ya zo daga ƙarshe. Wuyan ɗawisu ya wahalshe ni. Na goge shi da kananzir har yatsuna suka yi kanta. Ba mu cika magana ba, amma a duk garin, a rumfar nan kaɗai ake lura in ban zo ba.

Da na gama, na kai gida da gudu. Kawu ya daɗe yana dubawa, bai yi faɗa ba. "Hannunka na da kyau, ɗana. Amma hoton mai rai ba ya kwana gidanga sai an ja mai layi a wuya." Ya ba ni alƙalami da tawada.

Na kasa yanka tsuntsayena. Na mayar da katakon rumfa, Baba Issufu ya kafe shi kusa da na asalin, yana dariya: "Malam ya so miya, ka hana shi!" Bayan girbi ya kwashe kayansa ya koma Konni, tsuntsayena a ciki. Ban sake riƙe burushi ba.

Yanzu jikokina hotuna na zuwar musu a waya, su share da yatsa ɗaya. Ni kuwa na sha ƙetarawa Konni fatauci, ban taɓa tambayar gidansa ba. Da ma na tambaya.