Takalman Mai Guga

Mai yankan farce ne ya fara ba ni labarin nan, wanda ke zama a bakin shagon wanki. Rubuta yadda na faɗa, jikalle, kada ka gyara mini baki.

Akwai mai guga a shagon, dogo, ba ya son magana. In ya goge maka riga sai ka ji tausayin sa ta. Aibinsa ɗaya, ba ya cire takalmi. Wasu manyan but ne masu igiya, da su yake aiki a cikin zafin gawayin nan, da su yake cin abinci. Alwala sai ya kewaya bayan shago, salla kuwa da safa, takalman na gabansa idonsa na kansu. Ko ɗakin yayarsa ba ya shiga.

"Shigo mana, soja," in ji ta. "Ko aure aka ɗaura muku da takalman nan?"

Sai ya yi murmushi ya tsuguna a bakin ƙofa.

Ita dai ta san ƙanen nata ya tafi neman aiki yana saurayi, ya yi shekaru ba labari, ya dawo a rame yana ɗingishi. Sauran ba ta sani ba. Mai yankan farce kaɗai ya taɓa ganin ƙafar, shi ma sai an rufe shago, kuma sai da ya rantse ba zai faɗa wa kowa ba.

Wani mutum ne mai fara'a ya yi musu alkawarin aiki a kamfani, shi da wasu samari. Aka kwashe su a mota, tafiya har suka daina jin yaren mutanen hanya. Suna sauka aka kawo buhu, aka ce kowa ya zuba takalminsa, za a ba su na aiki. Ashe wurin fasa dutse ne. Ba katanga, ba shingen waya. Tsakuwa ce kawai mai kaifi kamar reza, iya ganinka, rana ta gasa ta. Masu gadi da but, su kuwa ba komai. Wanda ya gudu, jininsa ake bi a kamo shi. Mai guga kuwa ya naɗe ƙafafunsa da buhunan siminti ya fita, buhunan suka cinye tun tsakuwar ba ta ƙare ba. Wasu yatsun nasa can ya baro su.

To, wata ranar da la'asar yana tsugune a ƙofar yayar, sai ga ɗanta ya faɗo gidan yana washe baki. Saurayi ne, ya gama makaranta, zaman banza ya ishe shi.

"Umma, na samu! Kawu, gobe sai kamfani. Har da wurin kwana."

Uwar ta rangaɗa guɗa. "Bari in ara maka takalmin kirki, kada ka je musu kamar maraya."

"A'a, mutumin ya ce silifa ma ya isa. Can za a ba mu na aiki."

Mai guga ya ji kamar an zuba masa ruwan sanyi a baya. Ƙafafunsa suka hau zogi a cikin but ɗin, har da yatsun da babu su.

"Ba za ka ba," ya ce.

"Kawu ke nan! So kake in gaje ka a dutsen guga?"

"Kai fa baƙin ciki gare ka," in ji yayar. "Kai ka tafi ka dawo hannu wofi, shi ke nan kowa ya zauna?"

Ya duba ƙofar waje, a buɗe take. Zuciyarsa na ce masa tashi ka gudu tun takalminka na ƙafarka. Ya kama igiyar takalmin, ta ƙulle, ya fizge ta. Ya cire ɗaya, ya cire ɗayan, ya zare safa, ya tako cikin ɗakin ya tsaya a kan tabarma.

Yayar ta toshe bakinta da gyale. Tafin ƙafar duk ya tattare kamar fatar da ta faɗa wuta.

"Yaya, ni ma na aiki aka ce za a ba ni. Ga su nan."

Ya zauna ya faɗa musu komai, yana yi yana waiwayen takalman. Yaron ya sulale jikin bango. Can ya ce, "Kawu, abokina ɗan mai shayi fa? Motarsu tun safe ta tashi. Silifana ma ya ara."

Aka kira wayarsa, a kashe. Aka kira ta mutumin, a kashe. Aka kai maganar ga hukuma, mai guga da kansa ya je ya sake cire takalmi a gaban baƙi, gumi na zuba.

Ɗan yayar bai tafi ba, yana nan. Mai guga kuwa yanzu yakan shiga ɗakin, amma takalman na hammatarsa. Ya tambayi mai shayi lambar ƙafar ɗansa, ya sayi but sababbi. Duk ranar da ba aiki sai ya ɗauka ya tafi tasha yana tambayar direbobi ko sun san wata hanya da ke ɓullewa wurin fasa dutse. Jiya ma na gan su a ƙarƙashin teburin guga, cikin leda, ba a kai ba.