Dutsen da Ban Samu a Bafarawa Ba

Ana sallame sallar asuba muka bar Sakkwato cikin motar ofis, ni da direba da wani malamin safiyo mai awon ƙasa. Wata uku ke nan da dawowata daga jami'a a Ingila, inda na karanta ilimin duwatsu da ma'adinai, kuma wannan ce fitata ta farko. Baturen da ke shugabanmu ya ba ni tsohuwar taswira mai jan tabo kusa da Bafarawa, ya ce in je in duba ko dutsen wurin yana da ƙarfe. Ya ƙara da cewa a kan rahotona za a yanke ko za a tabbatar da ni a aikin.

Hanyar Sabon Birni yashi ce zalla. Sau biyu muka sauka muka tura mota, na uku kuwa sai da wasu fatake masu jakai, da suka fito daga tsallaken iyaka, ƙasar da Faransa ke mulki, suka kama mana. Muka shiga Sabon Birni da la'asar, muka sha fura mai yaji, ƙwarya guda ahu, wato kwabo ɗaya da rabi.

Nan ruɗanina ya fara. Wakilin hakimi ya gabatar da ni a matsayin malamin dutse, mutane kuma kowa ya fassara yadda ya ga dama. Wani ya ɓoye awakinsa don ya zaci haraji ne. Wata tsohuwa ta aiko da dutsen niƙanta da ya tsage, wai in gyara. Na yi ta bayani har ni kaina na daina gane abin da nake faɗi.

Muka wuce zuwa garin Isa, can muka bar mota muka hau dawaki. Wurin da jan tabon ya nuna muka tarar da gonar gero, ba dutse ko na jifa. Malamin safiyo ya auna, ya sake aunawa, ya ce nan ne. Kwana uku ina yawo da guduma, ban samu abin bugawa ba. Ko taswirar ce ta yi ƙarya, ko ni ne ban iya karanta ta ba, har yau ban sani ba.

Rana ta huɗu na iske wani dattijo yana haƙa rijiya a bayan gari. Na gaishe shi, na gaya masa abin da nake nema.

“Ɗana, ba dutse nan,” ya ce. “Jan yashi na bisa, sai laka, sai farar ƙasa. In ka wuce ta, ruwa.”

“Baba, wa ya koya maka haka?”

“Rijiyoyin da na gina. Shiga ka gani.”

Aka ɗaura mini igiya aka zura ni. Ga su nan a jere kamar yadda ya faɗa, kamar kuma yadda aka zana mana a allo a Ingila. Da na fito sai mai gari, wanda ya zo kallo, ya tambaye ni ko karatuna yana nuna inda ruwa yake, don matansu suna tafiya mai nisa kafin su ɗebo. Na ce, “Ranka ya daɗe, ƙarfe aka aiko ni nema.” Ya dube ni ya ce, “To, Allah shi ba ka.” Kunya ta hana ni cin abinci ran nan.

Da muka koma na rubuta gaskiya, ban ga ƙarfe ba, sannan na ƙara shafi huɗu kan ƙasar rijiyoyin. Baturen ya karanta. Ya ce ba abin da ya aike ni ba ke nan, amma sashen ruwa na neman mutum. In na zauna a ma'adinai kuwa, sai wata shekarar gwaji. Ya ba ni mako guda in zaɓa.

Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, na san ƙasa a littafi, ban san abin da mutanenta ke so daga gare ta ba. Shekara huɗu na yi ina burin zama mai haƙar ma'adinai. Yau saura kwana biyu, takardar komawa sashen ruwa tana kan teburina, ban sa hannu ba.